Daga Zinare zuwa Baƙin Ƙarfe: Zamunan Ɗan Adam a Tatsuniyar Girkawa

Idan aka ce wata ƙasa tana cikin "zamanin zinare", ana aron magana ne daga wani labari da Girkawan dā suka bari. Yadda aka saba ba da shi a taƙaice, zamuna huɗu ne: na zinare, na azurfa, na tagulla, sai na baƙin ƙarfe, kowanne ya fi wanda ya biyo bayansa, daidai da darajar ƙarafan a kasuwa. Wannan tsari mai sauƙin haddacewa na Obid ne, mawaƙin Rum. Rubutu mafi tsufa da ya iso gare mu ya girme shi da kimanin shekara 700, kuma a can zuriya biyar ce. Ta huɗu ba ta da sunan ƙarfe ko kaɗan, sannan ta fi ta uku kirki. Wannan karkacewar ce ta fi komai muhimmanci a labarin, domin ita ke nuna cewa mai shi yana da wata manufa da ta wuce kukan "dā ta fi yanzu".

Mai labarin shi ne Hesiyod, manomi kuma mawaƙi, wanda ya rayu wajen shekara ta 700 kafin Miladiyya a ƙauyen Askra, gindin dutsen Helikon a yankin Boyotiya. Mahaifinsa baƙo ne a wurin. Daga birnin Kime ya taso, a gaɓar tekun ƙasar Turkiyya ta yau, bayan fataucin jirgin ruwa ya ƙi shi. Hesiyod bai ɓoye ra'ayinsa kan Askra ba: ya ce ba daɗi lokacin sanyi, da wuya lokacin zafi, ba ta da kyau a kowane lokaci. Da uban ya rasu aka raba gado, ƙaninsa ko wansa mai suna Farsis ya kwashe kaso mafi tsoka ta hanyar toshe bakin sarakunan da ke yanke hukunci, waɗanda Hesiyod ke kira maciya kyauta. Daga baya dukiyar ta ƙare, Farsis ya dawo yana roƙo. Waƙar da ake kira "Ayyuka da Ranaku", mai layi sama da 800, amsa ce ga wannan ɗan'uwa da waɗannan sarakuna. Labarin zuriyoyi bai kai layi 100 ba a cikinta, kuma duk wanda ya cire shi daga cikin rigimar gadon ya rasa rabin ma'anarsa.

Abu ɗaya da ya kamata a riƙe tun farko: zuriyoyin nan ba jikokin juna ba ne. Kowace alloli ne ke yin ta, a yadda Girkawa suka yi imani, idan ta ƙare ƙasa ta rufe ta, a sake yin wata. Saboda haka Hesiyod yakan faɗi abu uku game da kowace: yadda ta rayu, yadda ta mutu, da abin da ta zama bayan mutuwa.

Zuriyar zinare ta rayu lokacin da Kronos, sarkin alloli na wancan lokaci, ke mulkin sama. Ba damuwa a zuci, ba aikin wahala, tsufa ba ya taɓa su, hannu da ƙafa yadda suke a ƙuruciya haka suke har ƙarshe. Ƙasa da kanta take fitar da amfani mai yawa, su kuma suna raba abin da suke da shi cikin lumana. Amma suna mutuwa. Idan ajali ya zo, kamar barci ne ya sace su. Bayan nan sai suka zama ruhohi masu tsarki da ke yawo a bayan ƙasa, suna gadin mutane, suna raba arziki. Can gaba a waƙar, Hesiyod ya gargaɗi sarakuna cewa Ziyus, ɗan Kronos da ya karɓe mulkin sama daga hannunsa, yana da masu gadi 30,000 da ba sa mutuwa, lulluɓe da hazo, suna zagaya duniya suna lura da shari'o'i da mugayen ayyuka. Masu nazari da dama suna ganin waɗannan su ne mutanen zinaren. In haka ne, to mutanen farko ba su tafi ko'ina ba, suna nan tsaye a bayan alƙalin da ya karɓi toshiya.

Akwai abin mamaki game da Kronos ɗin nan. A wata waƙar ta Hesiyod ɗin dai, wadda ke ba da asalin alloli, shi ne ya dandaƙe ubansa Uranos da lauje, kuma shi ne ke haɗiye 'ya'yansa da zarar an haife su don kada su ƙwace masa mulki. Girkawa sun riƙe fuskokin nan biyu ba tare da sun daidaita su ba. A Atina ta dā ana yi masa biki duk shekara, ranar da bayi ke cin abinci tare da iyayengijinsu, wato a yi kwana ɗaya ana kwaikwayon lokacin da babu bawa babu ubangida. Washegari kowa ya koma matsayinsa.

Zuriyar azurfa ce ta fi ba ni abin tunani. Yaro yakan shekara 100 a gindin uwarsa, yana wasa a cikin gida, ƙato amma wawa. Idan a ƙarshe ya balaga, 'yan shekaru kaɗan yake yi, su ma cikin baƙin ciki saboda wautarsa. Laifinsu biyu ne. Ba sa iya kame kansu daga cin zarafin juna, kuma sun ƙi yin yanka ga alloli a wuraren bauta kamar yadda al'ada ta tanada. Ziyus ya fusata ya kawar da su. Ka lura, ba yunwa ce ta dame su ba, ba a ce suna noma ba, ba a ce suna yaƙi ba. Mutane ne da aka yi wa komai har suka girma ba su san akwai haƙƙin kowa a kansu ba, na sama ko na ƙasa. Idan aka tuna wanda ake rera wa waƙar, mutumin da ya cinye gado bai yi gumi ba, za a gane inda kibiyar ta nufa. Duk da haka Hesiyod ya bar musu ɗan mutunci: suna ƙarƙashin ƙasa, ana kiransu masu albarka, daraja ta biyu.

Zuriyar tagulla Ziyus ya yi ta daga wata bishiya mai tauri, irin wadda Girkawa ke sassaƙa sandar mashi da ita, kuma wannan kaɗai ya isa bayani. Ƙarti ne masu ban tsoro, ba abin da suka sa gaba sai yaƙi. Makamansu tagulla, gidajensu tagulla, kayan aikinsu tagulla, baƙin ƙarfe bai bayyana ba tukuna. Hesiyod ya ƙara wata magana gajera: ba sa cin hatsi. A bakin manomi wannan hukunci ne mai nauyi, domin a wurin Girkawa cin gurasa shi ke raba mutum da dabba da dodo. Ba allan da ya wahalar da kansa wajen hallaka su. Da hannunsu suka ƙarar da juna, suka gangara gidan Hadis, mazaunin matattu, ba suna. Na zinare sun zama masu gadi, na azurfa sun sami daraja ta biyu, waɗannan ko sunan mutum ɗaya ba a tuna ba.

Daga nan ne gangaren ya tsaya. Zuriya ta huɗu ita ce ta jarumai, waɗanda ake ce wa rabin alloli, kuma Hesiyod ya faɗa ƙarara cewa ta fi adalci, ta fi kyau. Su ma mayaƙa ne. Wasu sun mutu a bakin birnin Tibis mai ƙofa bakwai, suna faɗa kan garken Sarki Odifus. Wasu sun haye teku zuwa birnin Turoyi saboda Helen, matar wani sarkin Girka da aka gudu da ita can, can suka kwanta dama. Amma akwai waɗanda Ziyus ya zaunar a ƙarshen duniya, a Tsibiran Masu Albarka, inda ƙasa ke ba da amfani mai zaƙi sau uku a shekara.

Me ya kawo su tsakiyar jerin ƙarafa? Masana sun kasu. Martin West, Baturen Ingila da ya wallafa sharhin waƙar a 1978, yana cikin masu cewa jerin ƙarafa huɗu daga Gabas ya zo wa Girkawa, sai Hesiyod ya ga ba zai yiwu ya ba da tarihin mutane ya tsallake jaruman yaƙin Turoyi irin su Akilis da Agamemnon ba, alhali manyan gidajen Girka daga gare su suke jan salsala, sai ya cusa su a gurbin da ya dace da lokacinsu. Hujjar tana da ƙarfi. A babi na 2 na Littafin Daniyel, Sarki Nebukadnezzar ya yi mafarkin gunki mai kan zinare, ƙirjin azurfa, cikin tagulla, ƙafafun ƙarfe, tafin sawu kuma ƙarfe gauraye da yumɓu. A rubuce-rubucen addinin Zaradusht na Farisa akwai bishiya mai rassa huɗu na ƙarafa, kowane reshe zamani guda. Indiyawa ma suna da zamuna huɗu masu lalacewa bi da bi, na ƙarshe shi ne Kali, sai dai su daga jifan ƙwayar caca suka ɗauko sunayen. Duka waɗannan an rubuta su bayan Hesiyod, don haka abin da ake hasashe shi ne tushe ɗaya da ya girme su duka.

Bafaranshe Jean-Pierre Vernant, a wata maƙala ta 1960, ya kalli abin ta wata fuska. Ya ce zuriyoyin bibbiyu suke tafiya. Zinare da azurfa duka suna cikin sauƙin rayuwa, abin da ya raba su shi ne ɗaya ta riƙe adalci, ɗaya ta yi girman kai. Tagulla da jarumai duka mayaƙa ne, kuma abin da ya raba su shi ne wannan dai. Ni ban ga dalilin da zai sa a zaɓi ɗaya a yar da ɗaya ba. Mai yiwuwa ne aro Hesiyod ya yi, amma abin da ya yi da aron nasa ne. Da ya sa jarumai bayan mutanen tagulla, ya nuna cewa bayan mafi munin zuriya ana iya samun ta kirki, kuma ko a cikin sana'a ɗaya, ta zubar da jini ma, akwai mai suna akwai marar suna. Mutumin da ke son ɗan'uwansa ya gyara hali yana bukatar wannan ƙofar a buɗe.

Sai zuriyar baƙin ƙarfe, tamu. A nan muryar mawaƙin ta canza, ya shigo da kansa. Ya ce ina ma bai kasance cikin mutane na biyar ba, da ya mutu kafin su ko a haife shi bayansu. Wannan "bayansu" ta sa an yi ta muhawara ko yana ganin abin zai zagayo. Ya ce da rana ba hutu daga aiki da wahala, da dare ba hutu daga lalacewa. Sai ya ƙara cewa duk da haka za a gauraya musu alheri cikin sharrin. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne, daga nan zuwa ƙarshe, maganar gaba yake yi, ba ta yanzu ba. Ziyus zai hallaka wannan zuriya ranar da aka fara haifar jarirai da furfura a gefen kai. Ka ajiye wannan kusa da yaron azurfa mai shekara 100 a gindin uwa: can ƙuruciya ce ta cinye rayuwa, nan tsufa ne zai cinye ta tun daga ranar haihuwa, su kuwa na zinare ba su san ko ɗaya ba.

Alamomin da ya lissafa duka na zumunci ne da amana. Uba ba zai jitu da 'ya'yansa ba, baƙo da mai masauki haka, aboki da aboki haka, ɗan'uwa ba zai zama abin ƙauna kamar dā ba. Za a riƙa gaya wa iyaye tsofaffi baƙar magana, a ƙi rama musu wahalar reno. Ƙarfi zai zama shari'a. Mai cika rantsuwa ba zai sami godiya ba, mugu za a yaba, kuma mugu zai cuci na kirki da karkatacciyar magana ya bi ta da rantsuwa. Mai karatu Bahaushe zai ji kamar ya san jerin nan, don kusan shi ne abin da dattawa ke lissafawa idan an taɓo lalacewar zamani. A ƙarshe alloli mata biyu, Aidos, wato kunya, da Nemesis, wato fushin da jama'a ke yi idan an aikata abin assha, za su lulluɓe jikinsu da fararen tufafi su bar duniya su koma dutsen Olimfos, mazaunin alloli. Ɗaya ita ke hana mutum daga ciki, ɗaya ke hana shi daga waje. Idan suka tafi, in ji shi, babu maganin sharri.

Da gama wannan sai ya juya ga sarakuna da tatsuniyar shaho da ya cafke wata 'yar tsuntsuwa mai daɗin murya ya yi sama da ita, tana kuka, yana ce mata ta yi shiru, wanda ya fi ta ƙarfi ne ya riƙe ta, in ya so ya cinye ta in ya so ya sake ta. Sannan ya kwatanta gari biyu. A garin da ake yi wa baƙo da ɗan gari shari'a madaidaiciya, ba yunwa, ba yaƙi, ƙasa tana ba da abinci mai yawa, itatuwan kan duwatsu suna da 'ya'ya a sama da zuma a tsakiya, tumaki sun yi nauyi da gashi, mutane ba sa bukatar shiga jirgi neman abinci. Wannan kusan hoton zamanin zinare ne, sai dai an sanya shi a cikin zamanin ƙarfe, kuma sharaɗinsa adalci ne da noma. A garin zalunci kuwa, laifin mutum ɗaya kan jawo wa kowa yunwa da annoba. Nan ne labarin zuriyoyi ya sauke kayansa.

Waɗanda suka zo bayan Hesiyod kowa ya ja labarin zuwa inda yake so. Aratos, mawaƙin Girka, a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, ya mai da shi zuriya uku cikin waƙarsa ta taurari. Adalci mace ce da ke zaune cikin mutanen zinare, tana tara dattawa a dandali. A zamanin azurfa ta koma kan duwatsu, sai da yamma take saukowa ta yi musu faɗa. Da mutanen tagulla suka ƙera takobi suka fara yanka shanun noma suna ci, ta tashi sama ta zama burujin da masu ilimin taurari a ƙasarmu ke kira Sumbula, riƙe da zangarniya a hannu. A wurin Aratos mutanen zinare manoma ne masu garma da shanu.

Obid, wanda ya kammala babbar waƙarsa ta rikiɗe-rikiɗe wajen shekara ta 8 Miladiyya, ya cire jarumai ya miƙar da gangaren. Zamaninsa na zinare an siffanta shi ne da abubuwan da babu: ba doka, ba alƙali, ba ganuwa, ba ƙahon yaƙi, ba a sare itace an yi jirgi ba. A zamanin azurfa aka raba shekara zuwa yanayi huɗu, mutane suka nemi mafaka a koguna, shanu suka fara nishi ƙarƙashin karkiya. Tagulla ya wuce ta a layi biyu ko uku. Ƙarfe ya tsaya a kansa: mai awo ya shata iyaka a ƙasar da dā ta kowa ce kamar iska da hasken rana, aka haƙa cikin ƙasa aka fito da ƙarfe mai cutarwa da zinaren da ya fi shi cutarwa. Kishiyar uwa tana haɗa guba, ɗa ya ƙosa yana lissafin shekarun ubansa, suruki bai tsira daga mijin 'yarsa ba. Wannan na ƙarshe Rumawa sun san shi da idonsu, domin babban kwamandansu Pompi mijin 'yar Yuliyus Kaisar ne kafin su gwabza yaƙin basasa.

Bambancin da ke tsakanin mutanen biyu babba ne. A wurin Obid noma kansa alamar faɗuwa ce, shari'a kuma shaida ce cewa mutane sun lalace. A wurin Hesiyod noma da shari'a madaidaiciya su ne hanyar tsira, kuma ya faɗa a waƙar cewa aiki ba abin kunya ba ne, zaman banza ne abin kunya. Obid ya fi iya zane, amma mai sauraronsa ba a bar masa abin yi ba sai jimami. Na fi ganin ƙimar na manomin Askra, domin shi ya bar wa mai laifi aikin da zai kama gobe da safe.

Masu mulki ma ba su bar labarin ba. Aflatun, a littafinsa kan tsarin ƙasa, ya kwantar da zuriyoyin a cikin al'umma ɗaya: a gaya wa jama'a cewa an gauraya zinare a jikin masu mulki, azurfa a jikin mataimakansu, ƙarfe da tagulla a jikin manoma da masu sana'a. Shi da kansa ya amsa cewa ƙarya ce da ake so jama'a su yarda da ita don zaman lafiya. Birjil kuma, wani mawaƙin Rum, a shekara ta 40 kafin Miladiyya, ya yi waƙar haihuwar wani yaro da zuriyar ƙarfe za ta ƙare a zamaninsa ta zinare ta dawo, daga baya ya fito fili ya ce Sarki Agustus ne zai maido da zamanin zinare. Abin da aka fara rerawa don a tsorata sarakuna ya koma kirarinsu, kuma wannan yana da ciwo.

Ba dukan mutanen dā ne suka yarda ana gangarawa ba. Zenofanis, masanin falsafa Bagirke, a ƙarni na 6 kafin Miladiyya, ya ce alloli ba su bayyana wa mutane komai tun farko ba, da bincike ne a hankali suke gano abin da ya fi. Lukiritiyos na Rum, a ƙarni na 1 kafin Miladiyya, ya ce makaman farko hannu ne da farce da haƙori, sai duwatsu da rassan itace, sannan tagulla, sannan ƙarfe. Wannan jerin ne ya yi kama da wanda Christian Thomsen na gidan tarihin Kofanhegan ya wallafa a 1836, inda ya kasa kayan tarihi zuwa zamanin dutse, na tagulla da na ƙarfe, rabon da har yau ake koyarwa a makarantu. Shi da kayan aiki yake awo, ba da hali ba, don haka kuskure ne a haɗa shi da na Hesiyod.

Wuri ɗaya jerin biyu suka haɗu. Da Hesiyod ya ce mutanen tagulla ba su san baƙin ƙarfe ba, gaskiyar tarihi ya faɗa. Fadojin Maisini da Filos, tsofaffin biranen Girka, sun rushe wajen 1200 kafin Miladiyya, ƙarfe kuma bai yaɗu a Girka ba sai bayan nan da fiye da ƙarni guda. Mutanen zamanin Hesiyod suna ganin ganuwar Maisini da duwatsunta masu girman da ya sa suka ce ƙattai masu ido ɗaya ne suka ɗora su. A waƙar yaƙin Turoyi ta Homa, babban mawaƙin Girka, jarumai da tagulla suke faɗa, ƙarfe kuwa abu ne mai tsada har Akilis ya sa dunƙulensa a matsayin kyautar gasa, ya ce zai ishi manomi shekara biyar. A 1960 masu haƙar tarihi suka buɗe wani kabari a Dendra, kusa da Maisini, suka fito da sulken tagulla cikakke na wajen 1400 kafin Miladiyya, faranti a kan faranti tun daga wuya har cinya. Yana nan a gidan tarihi na garin Nafliyo.